Yadda za ka kalli tsofaffin manyan finafinai a gida ba a yanke maka rabin hoto ba

Bayan ƙaramar sallar bara Bappana ya aiko yaro a kan moto, wai in zo Yelwa maza-maza, sabon talabijin ɗin da aka sayo masa daga Mubi ya zo da ciwo. Na tarar da shi a zaure riƙe da rimot, fim ɗin Umar Mukhtar yana tafiya. Ya ce, "Zo ka gani, ɗana. Kuɗin inci hamsin na biya, sun ba ni hoto siriri kamar ɗamara. Sama baƙi, ƙasa baƙi." Kafin in buɗe baki ya danna wani maɓalli, hoto ya cika gilashi tam. Ya ce yauwa. Na ce, "Bappa, Allah ya ƙara maka lafiya, mahayan da suke can gefen dama fa, ina suka shiga?" Ya mayar da shi yadda yake, mahaya suka dawo. Ya sake dannawa, suka ɓace. Sai da ya yi haka sau uku sannan ya miƙo mini rimot ɗin.

Na yi shekaru ina riƙe da gidan kallon bidiyo a nan Garwa kafin in koma gyaran kayan lantarki, kuma wannan ƙorafi na Bappa na ji shi fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Laifin ba na mutane ba ne. Yawancinmu ba mu taɓa ganin waɗannan finafinai a babban majigi ba. Gidajen silima uku na ƙarshe da suka rage wa Kamaru a wancan zamani, na Yaunde da Duwala da Bafusam, an rufe su a farkon 2009, namu na arewa kuwa tun kafin nan suka mutu. A Njamena ma sai a 2011 aka sake buɗe gidan siliman Normandie bayan ya daɗe a kulle. Kaset da faifan VCD ne suka rene mu, su kuwa yankakken hoto suke kawowa, har idonmu ya ɗauka haka fim yake.

Mataki na farko: ka san surar fim ɗin, ka nemo tef ɗin tela

Har zuwa farkon shekarun 1950 hoton silima kusan murabba'i ne, faɗi 1.37 a kan tsayi 1, kuma shi tsohon talabijin mai ƙugu ya kwaikwaya. Da talabijin ya fara kwashe wa silima 'yan kallo a Amurka, sai kamfanoni suka ce bari su ba mutane abin da akwatin gida ba zai iya ɗauka ba. A 1952 aka fito da Cinerama, majigi uku suna haska allo ɗaya mai lanƙwasa. A 1953 kamfanin Fox ya kawo CinemaScope da fim ɗin The Robe, da wani gilashin kyamara da Bafaranshe Henri Chrétien ya ƙirƙira, wanda yake matse hoto ninki biyu a kan zaren fim mai milimita 35, gilashin majigi kuma ya warware shi. Paramount ta biyo da VistaVision a 1954, ta kwantar da zaren a gicciye don kowane hoto ya sami fili babba. Daga 1955 aka shiga ɗauka da zare mai milimita 65, a buga shi a mai 70, ragowar biyar ɗin na sauti ne.

Amfanin wannan tarihi gare ka ɗaya ne: kowane fim da surarsa, ba su zo ɗaya ba. Ben-Hur na 1959 shi ne sarkin faɗi, 2.76. Lawrence of Arabia na 1962 da Cleopatra na 1963, 2.20. The Ten Commandments na 1956 VistaVision ne, kusan 1.85, don haka shi yakan kusa cika talabijin na zamani ba tare da an cuce shi ba. Ar-Risala na 1976 da fim ɗin Umar Mukhtar na 1981, duka na Moustapha Akkad, da gilashin Panavision aka ɗauke su, a kwali za ka ga an rubuta 2.35 ko 2.39 ko 2.40, kusan duk abu ɗaya ake nufi.

Gilashin talabijin ɗinka kuwa 1.78 ne, shi ake rubutawa 16:9. Tabarma mai tsawo ba ta shiga ɗan ƙaramin ɗaki sai dai a naɗe ta ko a yanke ta. Hanyar da ba ta cutar da hoto ita ce a rage shi har faɗinsa duka ya shiga, abin da ya rage sama da ƙasa a bar shi baƙi. Wannan baƙin ba ya rufe komai. Fili ne da fim ɗin bai da abin zubawa a ciki.

Yanzu ɗauko tef. Tsayar da fim a wurin da ake da hasken rana, ka auna faɗin hoton, ka auna tsayinsa ban da baƙin, ka raba faɗi da tsayi. Talabijin mai inci 43 faɗin gilashinsa wajen santimita 95 ne, tsayi 53 da ɗoriya. A kansa Ben-Hur na gaskiya zai tsaya a santimita 34 zuwa 35, Ar-Risala wajen 40, Lawrence 43. In ka auna Ben-Hur ka sami 53, to an zaftare masa fiye da kashi ɗaya cikin uku.

Kada kuma ka juya lamarin, ka ce duk tsohon fim mai faɗi ne. Mother India na 1957 da Mughal-e-Azam na 1960, da iyayenmu suke so kamar me, a tsohuwar sura aka yi su. Su baƙinsu a hagu da dama yake fitowa, kuma haka ya kamata. Wanda ya cika maka gilashi da su, ko dai ya sare kawuna da ƙafafu, ko ya ja mutane sun yi ƙiba.

Mataki na biyu: gane irin ɓarnar da aka yi wa hoton

Iri uku ce. Ta farko ita ce ta zamanin kaset, a ɗora taga mai 4:3, wato surar tsohon talabijin, a kan hoto mai faɗi a riƙa zazzaga ta hagu da dama tana bin mai magana. Fim mai 2.35 yakan yi asarar kashi 43 cikin ɗari ta haka, Ben-Hur kuwa fiye da rabi. Alamarta, mutum yana magana da wanda ba ka gani, ko hanci biyu suna hira daga gefe da gefe, ko kyamara ta yi wani ja mai santsi irin na inji, ba irin na hannun mai ɗauka ba. Sunayen da ake rubutawa a farkon fim su ma sukan tona asiri, don sau da yawa akan bar su a matse, haruffa dogaye sirara, da an gama su sai hoto ya buɗe ya cika.

Ta biyu ita ce ta yau, wadda wasu tashoshin tauraron ɗan Adam da masu ɗora finafinai a intanet suke yi: a yanka gefe da gefe har ya dace da 16:9. Ta fi wuyar ganewa saboda hoton yana da kyau a ido. Tef ne maganinta.

Ta uku ja ko matsewa. Nemi wani abu da ka san zagayayye ne, ƙafar keken doki, garkuwa, rana, bakin tulu. In ya zama ƙwai a kwance an ja shi, in ƙwai ne a tsaye an matse shi. Wannan kam sau da yawa daga saitin naka ne, za mu zo kansa.

In kana son ka ga abin da ake asara da idonka, akwai wurare biyu da nake nuna wa mutane. Ɗaya tseren keken doki na Ben-Hur. Kowane keke dawaki huɗu ne jere kafaɗa da kafaɗa, na Ben-Hur farare, na abokin gabarsa baƙaƙe. A cikakken hoto takwas ɗin nan suna gudu tare a gabanka, kana ganin tazarar da ke tsakanin ƙafafun kekunan tana raguwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon sukuwar dawakin Lamiɗo ranar salla ya san daɗin abin a jeren yake. A yankakken kwafi sai ka ga kan doki, ka ga fuska, ka ga bulala, tseren ya tafi. Na biyu wurin rijiya a fim ɗin Lawrence, inda mutum biyu suke tsaye, can tsakiyar kawalwalniya wani ɗigo baƙi ya ɓullo, yana girma a hankali har ya zama Omar Sharif a kan raƙumi. Faɗin hamadar da ƙanƙantar ɗigon su ne suke sa gaban mai kallo ya faɗi. A VCD ɗigon ma ba ya fita sai ya kusa isowa.

Mataki na uku: tambayi shekarar kwafin, ba lambar da ke kwali ba

A nan ne mutane suka fi faɗawa rami, don haka zan ɗan daɗe. Lambobin da kansu ba su da wuya. VCD ɗigo 352 a faɗi ne, 288 a tsaye. DVD irin na Turai 720 da 576, irin na Amurka 720 da 480. Blu-ray, da ya fito a 2006, 1920 da 1080. Faifan 4K na 2016, 3840 da 2160. Amma lambar girman kwano ce kawai, ba ta gaya maka abin da aka zuba a ciki. Ana iya kwaso hoton tsohon kaset a hura shi a rubuta masa 4K, kuma kasuwa cike take da irinsa.

Ko a DVD na asali akwai aji biyu. Na farko-farko da yawa sun saka hoto mai faɗi cikin akwatin 4:3, sai fim mai 2.35 ya tashi da layi wajen 327 kacal cikin 576. A talabijin na zamani irin wannan yakan fito da baƙi ta ko'ina, sama da ƙasa da hagu da dama, kamar tambarin wasiƙa a tsakiyar ambulan. Mai kyau shi ne wanda bayan kwalinsa aka rubuta 16/9, a na Faransa sukan sa "16/9 compatible 4/3", shi yana ba da layi wajen 436. In DVD za ka saya, wannan rubutu za ka fara nema.

Sai maganar daga ina aka ɗebo hoton. Zaren fim yana tsufa. Launukan Eastmancolor na shekarun 1950 da 1960 ba tare suke koɗewa ba, wasu su riga wasu, sai a bar ka da hoto mai ja-ja kamar an jiƙa shi a ruwan zoɓo. In ka ga sararin sama ya koma ruwan hoda, inuwa ta koma ja, daga koɗaɗɗen zare aka kwafa. Gyara na gaske shi ne a koma wa zaren asali da ya fito daga kyamara, a ɗauki hotonsa ɗaya bayan ɗaya da na'ura, a cire datti da karce, a daidaita launi. Lawrence an yi masa babban gyara a 1989 a hannun Robert A. Harris, aka dawo da wuraren da aka yanke, sannan a 2012 aka sake kwafarsa a 8K aka gama aikin a 4K. Blu-ray na 2012 ɗin shi ne wanda ya kamata ka nema, ko faifan 4K na 2020. Ben-Hur, nemi wanda ya samo asali daga Blu-ray na 2011. Ar-Risala ɗan mai fim ɗin, Malek Akkad, ya tsaya aka gyara shi a 4K, aka nuna shi a silimomin ƙasashen Larabawa a 2018. Ka tuna shi iri biyu ne, na Turanci da Anthony Quinn ya fito a Hamza, da na Larabci da Abdullah Gaith ya fito, 'yan wasa daban, kuma na Larabcin ya fi tsawo. Ba fassara ba ce aka ɗora.

Gyara ma yana da nasa ɓarnar. Zaren fim yana da wani ɗan tsaki-tsaki mai motsi, kamar yashi mai laushi, wanda daga jikin sinadarin yake, kuma a cikinsa ƙananan bayanan hoto suke zaune. Wasu kamfanoni, don gudun kada mai saye ya ce hoto da datti, sukan sa kwamfuta ta goge shi. Tana gogewa sai ta tafi da ramukan fata, da zaren tufafi, da gashin gemu. Fuska ta koma sumul kamar ta mai shafe-shafen bilicin. Blu-ray na Spartacus na 2010 ya yi ƙaurin suna a kan haka, har sai da aka sake gyara shi aka fitar da wani a 2015. Patton ma haka, na 2008 gogagge ne, na 2012 shi ne mai kyau. Sunan fim ɗaya, kwali kusan iri ɗaya, dukansu 1080, amma tsakaninsu kamar dare da rana. Shi ya sa nake cewa shekara za ka tambaya. A bayan kwali, can ƙasa inda aka yi ƙananan rubutu, akwai shekarar fim da shekarar bugu.

Abokin wannan ciwo shi ne ƙarin kaifi na ƙarya. Duba inda baƙin abu ya haɗu da sararin sama, kamar rawani ko mashi ko kan dutse. In ka ga wani farin zare yana bin gefensa kamar an zagaye shi da alli, an yi masa.

Mataki na huɗu: fayil ɗin da za a tura maka

Gaskiya yawancinmu a Garwa da Marwa da Kuseri ba faifai muke saye ba. Wajen masu turi muke zuwa da filas, wadda muke ce wa kile, ko a tura mana a waya. Ba zan shiga maganar halaccin wannan kasuwa ba, ni dai shawarata in kana da ɗan'uwa a Faransa ko Dubai, faifan asali ya fi komai. In za a aiko maka, Blu-ray na Turai da Afirka yankinsu ɗaya, B, na Amurka kuwa A ne, zai iya ƙin tashi a na'urarka. Faifan 4K ba shi da wannan shinge.

In fayil ne, fara da nauyinsa. Lawrence ya kusa awa huɗu. Wanda ya matse shi a megabait 700 ya ba kowace daƙiƙa ƙasa da rabin megabit, alhali Blu-ray yakan ba ta ashirin zuwa talatin. Ben-Hur a Blu-ray faifai biyu aka raba shi don kada a takura hoton. Faifan nan na kasuwa mai fim goma a ciki, gigabait 4.7 aka yanka goma, ka yi lissafin da kanka. Araha ba ta ado. A nawa ganin, fim mai awa uku da rabi a 1080, in bai kai gigabait takwas zuwa goma ba, za ka ga aibinsa a babban gilashi, kuma gara 720 mai nauyi da 1080 mai yunwa.

Kafin ka biya, roƙi mai shagon ya buɗe maka shi a kwamfuta. In da manhajar kallon bidiyo ta VLC yake aiki, danna Ctrl da J, zai nuna ainihin faɗi da tsayin hoton. Kada ka tsorata in ka ga 1920 da 696 a Ben-Hur, ko 1920 da 872 a Lawrence, wannan alama ce mai kyau, an cire baƙin ne kawai, talabijin zai mayar da shi. Sannan ka tsallaka wurare uku. Wurin dare, ka ga ko duhun ya farfashe ya zama dabbare-dabbaren murabba'i. Sararin sama, ka ga ko shuɗin yana sauka a hankali ko ya yi matakala kamar bene. Sai wurin ƙura da gudun dawaki, nan ne matsattsen fayil yake watsewa, saboda komai yana motsi lokaci ɗaya. In ya tsallake ukun nan, ɗauka.

Ƙananan abubuwa da suke mayar da mutum shago sau biyu: filas mai tsarin FAT32 ba ta karɓar fayil da ya wuce gigabait 4, sai an mayar da ita exFAT ko NTFS, kuma ka tabbata talabijin ɗinka yana karanta wanda ka zaɓa. Tsofaffin talabijin ba sa buɗe fayil da aka matse da tsarin H.265, wasu kuma su ba ka hoto ba murya in sautin mai tsarin DTS ne. Xender yana tura fayil yadda yake, amma bidiyon da aka aiko ta WhatsApp a matsayin bidiyo an sake matse shi. Fayil mai HDR kuma, wato tsarin da ke ƙara tazarar haske da duhu, in talabijin ɗinka ba ya ɗaukarsa, launi zai fito fari-fari kamar ranar hazo. Talabijin masu arahar da aka rubuta musu HDR ma da yawa ba su da hasken da zai nuna shi, a kansu 1080 na gyararren kwafi yakan fi kyau.

Wani abu da ya taɓa sa ni jin kunya: wani ya dawo mini da Lawrence wai fayil ya lalace, kiɗa yana tashi hoto babu. Na yi ta bincike, ashe haka fim ɗin yake farawa, mintuna na kiɗa a kan baƙin allo, lokacin da 'yan kallo suke neman kujerunsu. A tsakiya ma akwai hutu da nasa kiɗan. In kwafi yana da waɗannan, alama ce cikakke ne.

Mataki na biyar: waya

Wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja, ba ta ɗaukar hoton HD ko kaɗan. Duk kyan faifanka, in ta rawayar ya bi, ya koma zamanin kaset. Sa HDMI. Ba sai mai tsada ba. In na'urar DVD ce, shiga saitinta ka gaya mata talabijin ɗinka 16:9 ne, don da yawa a 4:3 suke zuwa, su ne masu sa mutane su yi ƙiba.

Mataki na shida: saitin talabijin

Talabijin daga kanti a saitin jan hankalin mai saye yake fitowa, haske kamar walƙiya, launi kamar atamfa sabuwa. Namu na nan yawanci da Faransanci suke, don haka zan kira sunayen yadda za ka gan su.

A "Mode d'image" bar "Dynamique" ko "Vif", koma "Cinéma" ko "Film". In naka na 2020 zuwa sama ne kana iya samun "Filmmaker Mode", shi kaɗai yakan kashe yawancin abin da zan lissafa. Da farko za ka ga hoton ya yi ɗan rawaya-rawaya ya dushe. Ba shi kwana biyu. Idonka ne ya saba da shuɗi, farin da masu fim suke aiki da shi ya fi kusa da "Chaud" a wajen "Température de couleur".

A "Format d'image" kauce wa duk abin da ake kira "Zoom" ko "Large" ko "Panorama". Zaɓi "Original", ko 16:9 tare da wanda yake nuna hoto har bakinsa, LG suna ce masa Just Scan, Samsung "Adapter à l'écran". In ba haka ba talabijin yakan ɗan ci gefe huɗu ba ka sani ba.

Sai babban abokin gaba, mai santsin motsi. Fim hoto 24 ne a daƙiƙa. Talabijin na zamani yakan ƙirƙiro wasu hotunan ya cusa a tsakani, sai yaƙin da aka kashe dukiya aka ɗauka ya koma kamar bidiyon biki da aka ɗauka da waya, ƙafafun dawaki kuma su riƙa narkewa. LG suna kiransa TruMotion, Sony Motionflow, Samsung Auto Motion Plus. Kashe shi. "Réduction du bruit" ma kashe, in dai kwafin mai kyau ne, don aikinsa goge tsakin nan da na yi bayani. Ga VCD da tsohon DVD kana iya barinsa a ƙasa-ƙasa. "Netteté" sauke shi har farin zaren gefe ya ɓace, a yawancin talabijin kusa da sifili ne, ko da yake a wasu tsakiya ne wurin da ba ya ƙara komai. "Contraste dynamique" kashe.

Mutane sukan rikita "Luminosité" da "Rétroéclairage". A yawancin talabijin na biyun shi ne ƙarfin fitilar baya, shi za ka ɗaga da rana ka sauke da dare. Na farkon matsayin baƙi yake gyarawa. A nan baƙin sama da ƙasan da Bappa ya tsana yake da rana: tsayar da fim a wurin dare, ɗaga "Luminosité" har baƙin ya fara yin toka-toka, sannan ka riƙa saukewa ɗaya-ɗaya har ya koma baƙi, ka tsaya nan. In ka wuce, ninkin baƙar alkyabba da duk abin da ke cikin inuwa za su nutse.

Mataki na bakwai: ɗakin

Matso kusa. Hoto mai 1080 yana son ka zauna nisan da bai wuce tsayin gilashin sau uku ba, ga inci 43 wajen mita ɗaya da rabi ke nan ko ɗan fiye. Daga mita uku, a wannan girman, ido ba ya raba 4K da 1080, don haka wanda zaurensa ke da zurfi gara ya sa kuɗinsa a girman gilashi. Fim mai 2.76 ma da ma ya bar kashi ɗaya cikin uku na gilashin a baƙi, sai ka ƙara matsowa.

Kada ƙofa ko taga ta fuskanci gilashin. Da dare kashe fitilar sama, ka kunna ƙarama a bayan talabijin tana haska bango, baƙin sai ya ƙara zurfi a ido, musamman ga masu arahar da baƙinsu yake yin toka a duhu. Lokacin hunturu ƙura takan kwanta a gilashi ta dusashe hoto ba ka lura ba. Busasshen ƙyalle mai laushi za ka fara bi da shi a hankali, don ƙurar nan yashi ce, in ka dirje ta da jiƙaƙƙen tsumma karce za ta bari. A zafin Maris da Afrilu, da Garwa take haura digiri 40, bar tazara tsakanin bayansa da bango, kuma kada ka ajiye faifai a mota ko kusa da kwanon rufi. Na'urar daidaita wuta kuwa kada ka yi wasa da ita, fitilun baya da nake canzawa a shago da yawansu hawa da saukar wuta ne da zafi suka kashe su, tare da barin "Rétroéclairage" a ƙarshensa dare da rana.

Abu ɗaya da ba ka da yadda za ka yi da shi: DVD irin na Turai yana tafiyar da fim a hoto 25 maimakon 24, saurin ya ƙaru da kashi 4 cikin ɗari. Fim mai awa uku da rabi zai ragu da minti takwas da wani abu, muryoyi su ɗan yi sama. Wani ya taɓa rantse mini an yanke masa Ben-Hur saboda mintunan faifansa ba su kai na ɗan'uwansa da ya zo da shi daga Amurka ba. Muka jera su biyun muka bi wuri-wuri, ba abin da ya ɓace. Blu-ray ya dawo da 24, sai ka duba a saitin na'urar ka kunna "24p" in akwai.

Bappa dai ranar nan sai da muka kai magariba. Na saita masa komai, na nuna wa ƙaramin jikansa maɓallin da ba a taɓawa, na liƙa masa ɗan salatif a kai. Da na koma bayan sati biyu na tarar an matso da tabarma da kujerarsa gaban talabijin da wajen taku uku, ana kallon Ar-Risala na Larabci, baƙin yana nan sama da ƙasa. Ya ce in samo masa na dawakin nan takwas da na ba shi labari, amma in auna shi da tef tun a shago.